Matar da Ta Koya wa Kwamfuta Cewa "Tukuna"

Kafin mai shara ya gama da matakalar bene, ta riga ta iso. Mijinta ne ke sauke ta a bakin ƙofa, tsohon direban bas da ya ajiye aiki amma har yau yake tuƙi kamar fasinja na jiransa. Sai ta hau sama riƙe da jaka da filas ɗin shayi, ta wuce babban ɗakin karatu inda kwamfutoci ke jere a kan dogayen tebura, ta shige wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda wanda a da ma'ajiyar karyayyun kujeru ne. Tebur ɗaya, fanka mai kukan tsufa, da taga mai kallon bayan shagon mai walda. Nan ne ofishinta. Ta zuba shayi a murfin filas, ta goge gilashinta da bakin mayafi, ta kunna kwamfuta, ta fara duba inda 'ya'yan mutane suka yi tuntuɓe jiya.

Wurin cibiya ce ta koyar da rubuta manhaja ga 'yan koyo. Akwai waɗanda suka gama sakandare suna jiran jami'a, akwai matan aure, akwai magidanta da sana'a ta juya wa baya. Malaman aji su ke tsayawa gaban allo, su ɗalibai suka sani, su ake ɗaukar hoto da su ranar yaye. Ita aikinta a bayan fage yake. Duk aikin da za a ba ɗalibi, ita ke rubuta masa gwaji, wato wasu ƙananan umarni da kwamfuta ke bi da kanta, tana jarraba abin da ɗalibin ya rubuta gaɓa-gaɓa.

A ce an umarci ɗalibi ya rubuta abin da zai fitar da matsakaicin makin aji. Gwajinta zai fara miƙa masa maki na hankali, ya ga ko amsa ta fito daidai. Sannan ya miƙa masa ajin da babu kowa a ciki. Sannan ya sa masa kalma a gurbin lamba. In rubutun ɗalibi ya tsallake duka, allo ya nuna kore. In ya yi tuntuɓe, ya nuna ja. 'Yan harkar suna kiran irin wannan ɓoyayyen kuskure ƙwaro, kuma sunan ya dace, domin a lungu yake kwanciya, sai an kashe fitila ya fito ya yi cizo.

Da ta fara aikin, saƙon da ke fitowa tare da jan launin, kalma ɗaya ce mai sanyaya gwiwa, wadda ke cewa ka faɗi. Ta ga yadda manyan mutane ke sunkuyar da kai in sun gan ta, wasu su tashi su tafi ba su ƙara dawowa ba. Sai ta zauna ta bi gwaje-gwajen ɗaya bayan ɗaya tana sauya musu harshe. Daga nan duk wanda ya yi kuskure, abin da zai gani shi ne: "Tukuna. Na ba ka aji babu ɗalibi ko ɗaya, sai ka raba da sifiri. Me ya kamata ya faru?" Ba ta faɗin amsa, tana nuna ramin ne kawai. Ɗalibai suka riƙa tambayar juna, "Ka wuce?" Ɗayan ya ce, "Ina! Ta ce tukuna." Haka sunan ya bi ta. Da yawa sun shiga cibiyar sun fita ba su san fuskar Malama Tukuna ba, wasu ma sun ɗauka sunan manhaja ne.

Mahaifiyarta, wadda ke zaune tare da su a gida, ta daɗe tana son gane wannan aiki. Ranar da aka yi mata bayani dalla-dalla, sai ta ce, "Wato aikin ke nan, neman laifin 'ya'yan mutane? Ai da kin faɗa min tun farko da na haɗa ki da ƙanwar babanku. Ita ta iya ba tare da kwamfuta ba."

Malama ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Inna, gwaggo tana nema ne ta yayata. Ni ina nema ne kafin duniya ta gani."

Kuma haka abin yake. In za ta rubuta gwaji, ba ta fara tunanin ɗalibi ba, tana fara tunanin mutumin da wata rana zai dogara da abin da ɗalibin ya gina: dattijuwa mai rawar hannu da za ta danna maɓalli sau biyu, ma'aikacin da zai bar gurbi babu komai don sauri, mutumin da sunansa ya fi ƙarfin akwatin da aka tanadar masa. Wani lokaci takan fito ta tsaya bakin ƙofar aji kamar mai shan iska, alhali sauraro take, tana jin yadda 'yan koyo ke fahimtar abu a karkace. Ta koma ɗakinta ta gina wa wannan karkatar gwaji.

Malama, ke ce mai tone ƙaya kafin a taka. Ke ce kike zama ke kaɗai kina tunanin ɓarnar da ba ta zo ba, don kada ta zo.

Akwai abin da ɗaliban wata shekara ba su manta ba. A cikinsu akwai wata budurwa mai kaifin baki, wadda malaman aji suka laƙaba wa 'Yar Gardama, domin ba a gama bayani ba ta ɗaga hannu ba. An ba su aikin jera sunaye bisa tsarin haruffa. Kowa ya samu kore, ita kaɗai ta samu ja. Ta duba, ta sake dubawa, sannan ta tambayi hanyar ɗakin mai gwaji, ta je ta ƙwanƙwasa.

"Malama, gwajinki ya ce na yi kuskure, ni kuma ban yi ba."

"To, zauna ki nuna min."

"Sunan da ya fara da harafin ɗa mai lanƙwasa, ni na sa shi kusa da ɗan'uwansa da, kamar yadda aka koya mana tun firamare. Gwajinki yana so ya koma can ƙarshe, bayan kowa. Don me? Don kwamfuta ba ta san shi ba?"

Malama ta daɗe tana kallon allo. Gaskiyar yarinyar ce. Ita da kanta ta bi tsarin da kwamfuta ta zo da shi ba tare da ta tambaye shi ba, kuma ɗalibai da yawa sun wuce ta wannan ƙofa suna samun kore a kan kuskure. Tana iya gyarawa shiru, babu wanda zai sani. Amma washegari ta nemi izinin malamin aji, ta tsaya gaban allo, abin da ba ta saba ba, ta ce, "Ni ce mai rubuta muku gwajin nan. Jiya gwajina ya ce 'yar'uwarku ta yi kuskure. Ita ke da gaskiya, gwajin ne ya kauce. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango naku. Daga yau, in gwaji ya ce muku tukuna kuka duba kuka ga ba haka ba, ƙofata tana ƙarshen baranda."

'Yar Gardama, wadda ta shigo da shirin yaƙi, ta rasa inda za ta sa idonta. Bayan ta gama karatu, Malama ce ta roƙi shugaban cibiya ya riƙe ta a matsayin malamar aji. Ya ce, "Wannan mai jayayyar?" Ta ce, "Ita fa. Wanda ba ya jayayya da gwaji ba zai iya rubuta shi ba."

Amma labarin da ya fi zama a bakin mutane shi ne na Tela.

Magidanci ne da furfura ta fara leƙo masa, ɗalibai suna ce masa Baba Tela. Yana zuwa ajin yamma da zare maƙale a rigarsa, yana danna madannai da yatsa ɗaya kamar mai tsoron kada su fashe. Bai zo neman sabuwar sana'a ba. 'Yarsa ta ƙarshe, Auta, tana da cutar sikila, kuma in ciwon ya tashi da ƙarfi akan buƙaci a ƙara mata jini. Shi da wasu iyaye masu irin wannan jarrabawa sun haɗa ƙungiya ta maƙwabta da 'yan'uwa masu ba da jini. Matsalarsu ita ce, in buƙata ta taso, sai a ruɗe: wa jininsa ya dace, wa ya bayar kwanan nan, wa ya huta iyakar watannin da likita ya ce? Ana cikin kiraye-kirayen waya yaro yana kwance yana murƙususu. Shi ya sa Tela ya zo, yana so ya gina ɗan abin da za a danna ya fito da waɗanda ya kamata a kira.

Da lokacin aikin kammalawa ya yi, Malama ta zauna da shi, abin da ba ta cika yi da ɗalibai ba, ta saurari abin da yake son ginawa, ta rubuta masa gwaje-gwaje na musamman. Ya sha wahala. Ja ya zama abokin hirarsa. Amma mai haƙuri shi ke dafa dutse, sannu a hankali suka riƙa komawa kore, har ya rage saura ɗaya. Wannan ɗayan ya ƙi. Saƙonsa yana cewa: "Tukuna. Mutum ya ba da jini a watan sha biyu, yau muna watan ɗaya. Ka ce ya huta wata goma sha ɗaya. Haka ne?" Tela yana cire ƙaramin wata daga babba ne, ya manta cewa shekara tana juyawa. Ya gwada nan, ya gwada can, duk inda ya taɓa sai wani wurin ya ɓalle, kamar tsohon yadi.

Wata safiya Malama ta kunna kwamfuta ta ga aikin Tela kore shar daga sama har ƙasa. Ta yi murmushi, har ta kai shayi baki, sai ta ajiye. Jerin ya yi mata gajarta. Ta matso da fuska ta bi shi a hankali. Gwajin juyawar shekara ba ya nan. Bai gyara kuskuren ba, ya sa wa gwajin alamar a tsallake shi ne.

Dokar cibiya a fili take, wanda ya taɓa gwaji an soke aikinsa. Ba ta kai maganar ofis ba. Ta jira shi a ajin yamma bai zo ba, washegari ma haka. Rana ta uku da la'asar, da mijinta ya zo ɗaukarta, ta ce, "Baban yara, ba gida za mu ba. Akwai shagon da za ka kai ni."

"Ɗinki za ki bayar?"

"Wanda ya warware zan duba."

Shagon yana cikin wani siririn layi, tsakanin mai gyaran waya da mai aski. Kekunan ɗinki biyu, ƙyallaye a ƙasa, riguna rataye a igiya. Matar Tela tana gefe tana guga. Da ya ɗaga kai ya ga mai sallama, sai ƙafarsa ta tsaya a kan keke.

"Malama! Ke da kanki? Bismillah, ga kujera. Maman Auta, Malamarmu ce."

Aka gaisa, aka tambayi jikin yarinya, aka ce da sauƙi, ta kwana biyu a asibiti amma an sallamo ta. Malama ta yi addu'a. Sannan ta ce, "Malam Tela, na ga kore."

Ya sunkuyar da kai yana murza tef ɗin awo. "Na san za ki gani. Wallahi ba don takarda na yi ba. Ranar da aka kwantar da Auta, mun yi ta kiran mutane har rana ta take, ba mu san wa ya dace ba. Na ce abin nan yana aiki, gwaji ɗaya ne kawai ya tsaya min a wuya. Kuma matsalar sai watan ɗaya za ta taso. Na ce bari mu fara amfani da shi, kafin lokacin na gyara."

"Kun fara?"

"Iyayen duk sun sa a wayoyinsu."

"To, in lokacin ya zo kana asibiti fa? Ko aiki ya yi maka yawa? Kore ba ya tuna wa mutum komai, ƙanena. Ja ne ke tunatarwa, kai kuma ka rufe masa baki."

"Ai asibiti ma suna dubawa kafin su ɗiba."

"Suna dubawa. In sun duba sun mayar da mutum gida, kun koma farko ke nan, rabin yini ya tafi, yarinya tana jira. In kuma mutumin bai faɗa musu gaskiya ba fa?" Ta juya wajen matar da ke guga. "Maman Auta, kina cikin masu bayarwa?"

"Ina ciki, Malama. Nawa ya dace da na wasu yaran."

"In kin bayar wannan watan, wata mai zuwa wayarki ta ce ke za a kira, ga uwa irinki tana kuka a kan ɗanta, za ki ce kin bayar kwanan nan?"

Matar ta ajiye dutsen guga. Ta ce, "Ni? Ko jiya na bayar ba zan faɗa ba."

Tela ya dubi matarsa kamar yau ya fara ganinta, siririya, ga gajiyar jinya a ƙarƙashin idonta. Ya tashi ya share ƙyallaye daga teburin yanka, ya ɗauko kwamfutar da yake aro wajen ƙaninsa, ya buɗe, ya juya ta wajen Malama.

Nan ne abin da ta daɗe tana ɓoyewa ya fito. Ta matso da fuska har hancinta ya kusa taɓa allon, ta karkata kai gefe tana neman inda haruffan za su tsaya mata. A ofis ta ƙara wa rubutun kwamfutarta girma har kalma uku ke cika layi, kuma babu mai shiga ya gani. A nan babu wannan. Ta koma ta jingina, ta cire gilashi. Mijinta, da ke tsaye bakin ƙofa, ya kawar da kai yana kallon titi.

"Karanta min," in ji ta. "Idon nan ya fara yi min rowa."

"Malama... tun yaushe?"

"Ba shi ya kawo ni ba. Karanta."

Ya fara karantawa layi-layi, ita kuma ta lumshe ido tana saurare. Ba ta faɗa masa amsa ba, ko a ranar. Tambaya kawai take. "In mutum ya kawo maka ɗinki ƙarshen shekara, ya dawo farkon sabuwa, yaya kake sanin kwana nawa kayansa suka yi?" Ya ce ai kwanaki yake ƙirgawa, ba ruwansa da sunan wata. Can sai ya dafe goshi ya ce, "Kai! Ashe cikakkiyar ranar zan ba kwamfutar, da shekararta, ta ƙirga kwanakin da ke tsakani!" Ya goge, ya rubuta, ya yi kuskure wajen sa alamar baka biyu, ya gyara. Ya cire alamar da ya sa wa gwajin. Ya danna.

"Me ya nuna?" in ji Malama.

Maman Auta ce ta leƙa ta kafaɗarsa ta amsa. "Kore ne, Malama. Duka."

"Alhamdu lillahi. Saura ɗaya. Yanzu kai za ka rubuta naka gwajin. Ka fi ni sanin mutanenka. Wane shirme za su iya yi wa abin nan?"

Ya yi dariya karo na farko. "Akwai mai sa ranar gobe a matsayin ranar da ya bayar."

"To, kama shi."

Washegari da kanta ta je ta faɗa wa shugaban cibiya abin da ya faru, ba ta rage komai ba, ta ce a ganinta wanda ya mayar da gwaji da hannunsa har ya ƙara nasa ya koyi abin da aka zo koya. Shugaban ya yi ɗan gunaguni, ya sa hannu.

A watan ɗaya ciwon Auta ya tashi, da hantsi, tana makaranta. Uban ya danna waya a harabar asibiti. Manhajar ta tsallake mai askin da ke maƙwabtaka da shi, wanda ya ba wani yaro jini ana saura kwanaki shekara ta ƙare, ta fito da wasu. Na farkon da aka kira ya zo, aka duba shi, aka ɗiba. Kafin azahar an ɗaura wa yarinya jinin. Mai aski ya yi kwanaki yana mita wai kwamfutar Tela ta raina shi, shi da yake da jini kamar bijimin sa. Auta ta warware ta koma aji. Babu wanda ya faɗi, babu wanda aka mayar gida, babu abin da za a ba da labari. Irin ladan aikinta ke nan: in ta yi shi da kyau, ba abin da ke faruwa, kuma ba a yi wa abin da bai faru ba tafi.

Likitan ido bai ɓoye mata ba. Ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage za a yi ƙoƙarin riƙe shi da magani, amma ba zai ishi ƙananan haruffa ba. Ta dawo gida ta zauna bakin gado ba ta cire mayafi ba. Mijinta ya zauna kusa da ita. Inna ce ta leƙo ta ce, "Kin ga na mutane da yawa, 'yar nan. Allah bai manta da naki ba." Sai a lokacin ta yi kuka.

Ba ta bar aikin da gaggawa ba. Ta nemi a ba ta 'Yar Gardama, aka sa kujera ta biyu a ɗan ɗakin. Watanni suna bin gwaje-gwajen tare, ƙaramar tana karantawa, babbar tana faɗin dalilin kowanne: wannan saboda wani ɗalibi ne da ya yi kaza, wancan saboda wata ce da ta fahimci abu a juye. Suna jayayya har mai walda ya ɗaga kai. Wani lokaci ƙaramar ta yi nasara, Malama ta ce, "Goge nawa, sa naki," da jin daɗi a muryarta.

Ta ce kada a yi mata taro. Shugaban ya amsa da to, amma magana ta riga ta fita. Ranar ƙarshe, da ta buɗe ƙofar ɗakinta za ta tafi, baranda cike take, matakala cike, har bakin titi. Tsofaffin ɗalibai ne. Wasu suna aiki a asibitoci, wasu a makarantu, wasu sun buɗe nasu wuraren, wata ta zo da goyo. Yawancinsu sai ranar suka fara ganin fuskarta, ita kuma ranar ba ta iya rarrabe tasu.

Wani dogo ya matso ya durƙusa ya ce, "Malama, ba za ki gane ni ba."

"Faɗa min aikin da ya fi ba ka wuya."

"Na lissafin kujerun mota."

"Kai ne mai manta fasinjan ƙarshe! Kullum sai ka bar mutum ɗaya a tasha."

Wurin ya kece da dariya. Sai kowa ya fara miƙo nasa. "Ni fa, Malama? Na agogo." "Ke ce wadda sha biyun rana da sha biyun dare suka zame miki ɗaya." Haka ta riƙa gane su ɗaya bayan ɗaya, da ramin da kowa ya taɓa faɗawa ya fito, suna dariya suna share ido. Tela yana can baya da matarsa da Auta, hannu kawai ya ɗaga, ya manta ba za ta gani ba. Matarsa ce ta ja shi suka kutsa har gabanta.

Malama, ke ce uwar da ba a san ta yi reno ba sai da 'ya'ya suka girma. Kin ga kuskurenmu tun yana tsirara, ba ki taɓa kai shi kasuwa ba. Kin hana mu wucewa a lokacin da muke ganin mugunta ce, ashe mutanen da ba mu sani ba kike karewa daga hannunmu, mu ma kina kare mu daga nadama. Da naki kuskuren ya bayyana, kin tsaya a gaban yara kin kira shi da sunansa. Mun gode. Madalla da ke, madalla da mijin da ya yi ta kai ki yana ɗauko ki, madalla da uwar da ta haife ki.

Ku kuma masu karatu, kowace ma'aikata tana da irin wannan ɗaki a ƙarshen baranda, da wani a ciki yana duba abin da kowa ya ƙosa ya wuce. Ku ƙwanƙwasa ku gaishe shi tun yana kan kujerarsa. In kai mai koyon rubuta manhaja ne, kada ka rufe bakin gwajin da ya dame ka, ka zauna da shi har ka ji abin da yake faɗa. In kuma Allah ya sa kai ne mai duba aikin wasu, a kowace sana'a, ka tsananta wa aikin, ka tausasa wa mai shi. Ana iya haɗa biyun, mun gani da idonmu.

Allah ya riƙe miki hasken da ya rage, Malama, ya ƙara miki da wanda ba ya dushewa. Ki huta. Waɗanda kika koya wa dubawa suna nan suna dubawa.